Abin da Sikelinki Ya Nuna Mini

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya raba motarku da sharrin hanya, ya rufe idon mugu daga kanku tun daga tashar Illela har ƙofar gidan Kawunki Sani. Ki gaishe shi, shi da iyalinsa. Labarin gida ba zan ba ki ba, ke kika baro shi, kin san yadda kika bar kowa.

Yau Laraba nake rubutawa, kin fita sallama da dangi. Zan sa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin sikelinki. I, sikelin nan dai da na ce kada in ƙara ganinsa a madafina. Ni na sauko da shi daga kan kwaba, na goge shi, na sa aka sayo masa sabon batir. Kada ki naɗe takardar ki ce sai kin huta gajiya. Ki karanta ta kafin Asabar, don maganar Asabar ce ta sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun muna ajin yaƙi da jahilci.

Shekaranjiya Litinin ina tankaɗe a tsakar gida, ke da babanki kuna zaure, kun ɗauka ƙarar rariya ta hana ni ji. Kika ce masa matar da za ki yi wa aiki, mai shagon kek ɗin, za ta ba ki zaɓi ranar Asabar: ko ki shiga ciki wajen kwaɓi da gashi ta gwada ki, ko ki tsaya a kantar shagon kina miƙa wa masu saye kaya. Kika ce gurbin ciki ɗaya ne, akwai wata ma tana jira, in kin bari ya wuce ya wuce ke nan.

Babanki ya ce, "To mi kinka zaɓa?"

Kika ce, "Kanta zan tsaya, Baba. Ni ba ni da hannu. Inna ta hwaɗi, kuma ta hi ni sani."

Ya ce, "Shekara biyu kina koyo Sakkwato, ki ƙare ga miƙa leda?"

Kika ce, "Ya hi in ɓata ma mutane kaya."

Garin da na riga na tankaɗe na sake mayarwa cikin rariya, don kada ku ji na tsaya. Wata tara ke nan ba ki taɓa kwaɓi a gidan nan ba, ina gani, ina yi kamar ban gani ba. Yanzu kuma za ki ɗauki maganata ki kai ta Kaduna ki yanke wa kanki hukunci da ita. Maganar kuwa ƙarya ce. Zan gaya miki yadda aka yi, amma sai na faro daga baya, don kuskuren nan yana da yayye.

Ina da shekara goma sha biyar aka kai ni Ƙonni in taya gwaggona zaman jego. Maƙwabciyarta wata Hajiya Lalla ce, mutuniyar Agadas, ita ke yi wa manyan garin gireba mai lauz, abin nan da ku 'yan yanzu kuke cewa almon. Na riƙa shiga ina riƙe mata tire. Mace ce mai ƙarancin magana, sai dai ka kalli hannunta. Wata rana ta ce mini: kofi uku na lauz, uku na fulawa, biyu na niƙaƙƙen sukari, ɗaya da rabi na narkakken man shanu. Na haddace a take. Amma na lura ba ta tsoma kofi cikin buhun fulawa. Sai ta tankaɗe ta, ta riƙa zubawa da cokali a hankali, ta shafe bakin kofin da bayan wuƙa. Na so in tambaya, sai na ce a raina ai iyayin tsofaffi ne, kuma in na tambaya za ta ce ɗiyar malam ba ta da kai.

Da na dawo Illela na ce zan nuna wa gida abin da na koyo. Na tsoma kofi cikin buhu, na danna da tafin hannu, kofi uku cif. Abin da ya fito daga wuta, kakanki Malam ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya shafa haƙorinsa, ya ce, "Wanga a aje ma masu tahiya Makka, ya yi daidai da jihwa." Duk gidan aka yi dariya, ni na shiga ɗaki na yi kuka. Sai da na koma Ƙonni na durƙusa gaban Hajiya Lalla. Ita ba ta yi dariya ba. Ta cika kofi biyu da fulawa, ɗaya dannanne, ɗaya sakakke, ta ɗora mini a tafin hannu dama da hagu, ta ce, "Wane ya hi nauyi?" Sannan ta ba ni nata kofin kyauta, kofin silbar nan mai lotsattsen gefe da kika tashi kika gani a hannuna.

To ki ji. In kin shiga wurin aikin nan, duk abin da kika ga ana yi ba ki gane dalilinsa ba, ki tambaya, ko da wadda za ki tambaya ƙanwar bayanki ce. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ki riƙe wannan, don zai yi miki amfani nan gaba a takardar: tun ina shekara goma sha biyar na san kofi ɗaya yana iya ɗaukar nauyi iri biyu. An ɗora mini a hannu na ji. Ba ni da uzurin rashin sani.

Bayan na yi aure gireba ta yi mini suna. Daga Illela har Kalmalo, har tsallaken iyaka, in za a kai gara a gidan masu hali sai an nemo tawa. Sunan nan ya shiga kaina. Wata rana wata baiwar Allah daga Lafani, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta zo ta ce in koya mata ko ta sami abin riƙe kanta. Na ce to. Na faɗa mata uku, uku, biyu, ɗaya da rabi, yadda aka faɗa mini. Ban gaya mata zancen tankaɗe ba, ban ce a shafe baki ba, kofin ma ban bari ta gan shi ba. Na san sarai abin da zai fito. Bayan mako ta dawo da ƙullin duwatsu irin nawa na dā, ta kwance a gabana, ta ce, "Hajiya, mi niɓ ɓata?"

Na ce, "Abin hannu na, ba kowa Allah ka ba shi ba."

Ta yi godiya ta tafi. Ban ƙara ganinta ba. Daga baya na ji ta koma ƙuli-ƙuli.

Kin ji inda kalmar nan ta hannu ta samo asali. Ba a kanki na fara ba, na daɗe ina ɓoye rowa a bayanta. Hajiya Lalla ta ba ni kofinta ban biya ko sefa ɗaya ba, ni kuwa na hana uwar marayu magana biyu. In Allah ya ba ki sani a can, aka kawo miki wata ta koya, ki faɗa mata duka, har da ƙananan abubuwan da ba a rubutawa. Rabonki ba wadda za ta ci. Ni na yi ta gadin nawa kamar zai gudu, ban kuma ga abin da gadin ya ƙara mini ba.

Shi ya sa da kika gama koyon girke-girke a Sakkwato kika dawo da sikelin nan, ɗan fari mai lambobi kamar agogo, na ƙi jininsa tun kallon farko. Kika ajiye shi a kan turmi da murnarki, kika ce, "Inna, mu auna komi naki mu rubuta, ko ba ki nan sai a yi shi daidai." Ke da alheri kika faɗa. Ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne "ko ba ki nan". Shekara ashirin da biyar ina damƙe da abu, ga wani ɗan faranti mai batir zai tona shi ga duk wanda ya iya karanta lamba. Na ce miki sikeli na mahauta ne. Kika yi dariya kika ɗauke shi. Ban gaya miki tsoronsa nake ji ba.

Sai aka rufe iyaka. Kin tuna yadda garin ya koma, manyan motoci a jere ba gaba ba baya, 'yan canji zaune suna korar ƙuda. Lauz ɗin da ake kawo mana daga arewa ta Ƙonni ya yanke. Masu babura suna ratsa daji da kaya, amma ba mai sayar da ransa don 'ya'yan itace. A tsakiyar haka gidan wani babban ɗan kasuwa suka aiko, za su kai garar ɗiyarsu, suna son gireba kwaɓi biyar. Na karɓa, don bakina bai iya cewa babu ba. Babanki ya je Sakkwato ya zagaya, ya dawo da abin da ya samu a wani babban kanti: almon a leda, an ɓare shi an yanka siriri-siriri kamar farce. Har murna na yi. Na ce an hutar da ni jiƙo da ɓara, daka kawai ya rage.

Ranar Alhamis da safe, ni da hannuna na auna. Kofi goma sha biyar, uku sau biyar, kowanne na shafe bakinsa. Na auna fulawa da sukari da mai, na jera a kwanoni. Kina tsaye kina kallo. Kika ɗebi yankakken a tafin hannu, kika ɗaga shi sama da ƙasa, kika ce, "Inna, wanga awa bai kai nauyin mai ƙwaya ba. In ɗauko sikeli?"

Na ce, "Kohin da ya aurad da 'yan matan garin ga dut, yau shi za ki koya ma awo?"

Kika mayar da yankakken cikin kwano. Ana haka aka aiko an yi rasuwa a Kalmalo, dangin babanki, dole in je. Na bar miki daka da kwaɓi da gashi, na hau babur na tafi.

Da la'asar na dawo. Tun daga zaure na ji ƙamshi, na ce alhamdu lillahi. Na shigo na ga tire-tire a jere, amma abin da ke kai ba gireba ba ce. Kowace ta baje ta kama 'yar'uwarta, mai kwance a ƙasan tire, in an ɗaga sai ta ruguje a hannu. Kina durƙushe gaban obin ɗin gawayi, goshinki duk toka, idonki ya yi ja. Matan gidan biki su uku sun riga ni isowa, suna zaune a tabarma da kwallayensu.

Babbarsu, gwaggon amarya, ta dube ni ta ce, "Hajiya, wanga na za mu kai gidan surukai?"

Ga abin da na yi. Kin sani, kina wurin, amma ina so ki gan shi da rubutun hannuna. Na dubi matan, na ga sunana na shekara ashirin da biyar zai fita tare da su ta zaure. Sai na juya kanki. Na ce, "Laihina na, da nib bar ma yarinya. Ta tai makaranta ta koyo latsa sikeli, amma ba ta da hannu. Abin ga ba a koyo nai ga takarda."

Kika ɗago kika ce, "Inna, yadda kinka auna haka nik kwaɓa. Na hwaɗa maki da sahe..."

Na ce, "Ruhe min baki. Kuma sikelin ga, kar in koma ganinai madahina."

Matan suka sauko, suka shiga ba ni haƙuri, suna cewa yaran yanzu sai addu'a. Aka cike garar da alkaki da dubulan. Sunana ya kwana lafiya, ko ƙwarzane babu. Naki suka fita da shi a baki har gidan biki, kin kuwa san abin da baki ke yi a gidan biki. Kika wanke tire goma sha ɗaya ke kaɗai, kika ɗora sikelin kan kwaba, daga ranar ba ki ƙara sa hannu a fulawa ba.

Ba zan ce a ranar na san gaskiya duka ba. Rabin zuciyata ta yarda laifinki ne, don haka ya fi mini daɗi. Ɗaya rabin tana tuna kofi biyun da Hajiya Lalla ta ɗora mini a hannu, ni kuwa ina danne ta. Nasihata a nan gajeriya ce. Ranar da aiki ya ɓaci, mutane na tsaye, ga wadda ke ƙasa da ke a kusa, bakinki zai yi ƙaiƙayi. Ki cije shi. Ki ce a ba ki zuwa gobe ki duba. Magana zarar bunu ce, tawa wata tara ke nan ina neman yadda zan mayar da ita. In kuma wata ce ta yi miki irin abin da na yi, ko da uwar ɗakinki ce, ki yi mata ladabi, amma kada ki haɗiye maganar haka nan. Ki je ki auna.

Bayan wata uku hanya ta buɗe, lauz ɗinmu ya dawo kasuwar Lahadi ƙwaya-ƙwaya yadda muka san shi. Na yi kwaɓi ɗaya ni kaɗai, ya fito kamar kullum. Na ɗauka zan ji daɗi, ban ji ba. Akwai ragowar leda ɗaya ta yankakken a cikin kwalla, duk na buɗe sai mu haɗa ido. Wani hantsi kin tafi duba ƙawarki da ta haihu, na sa kujera na sauko da sikelin, na tura ƙofar madafi kamar mai sata. Na daɗe ina latse-latse kafin in gano maɓallin da ke mayar da shi sifiri bayan an ɗora kofi, wanda na taɓa ganin kina dannawa.

Na cika kofin da ƙwaya, na shafe baki. Giram ɗari da arba'in. Na juye, na cika da yankakke, na shafe baki yadda na yi ranar Alhamis ɗin nan. Giram casa'in.

Na ce sikelin ne ya lalace. Na kashe na kunna. Casa'in. Na girgiza kofin ya zauna, na ƙara, lambar ta ɗan haura. Na danna da hannu har yana karairayewa, da ƙyar ya wuce ɗari, bai ko hango ɗari da arba'in ba. Na ɗaga kofin na duba da kyau, na ga yadda yankakken ke hawa kan juna a karkace, tsakaninsa duk fili ne. Iska na auna miki. Kowane kofi na tauye giram hamsin, kofi goma sha biyar, kilo ɗaya ba kwata ke nan ya ɓace daga kwaɓin, mai kuwa na zuba shi cif. Ko Hajiya Lalla ce ta dawo duniya ta kwaɓa, bajewa zai yi.

Na zauna a kan turmi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ji tsoron Allah. Kullum in malamai na wa'azi kan masu tauye mudu, ina ɗauka da 'yan hatsi ake, har in riƙa gyaɗa kai. Ashe ni ma na tauye awo, na kuma ɗora wa ɗiyata.

Sai na ji sallamarki a zaure. Da na bar sikelin inda yake, kika shigo kika gan ni da shi, da magana ta ƙare a ranar. Na yi wuf na mayar da shi kan kwaba, har na daidaita shi kan shatin ƙurarsa don kada ki gane an taɓa. Kika ce, "Inna, sannu da gida." Na ce, "Yawwa. Ɗora sanwar rana."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi duka, kuma shi na yi wata shida ina maimaitawa kowace safiya. Na ce sai bayan azumi. Na ce sai bayan Salla. Na ce ina aka taɓa jin uwa ta ba ɗiya haƙuri, balle ɗiyar fari da ko sunanta ba na faɗa don kunya. Na riƙa yi miki abubuwan da ba ki roƙa ba, na saya miki atamfa, na ƙara miki nama a miya, ina jiran ki gane da kanki. Ke kuwa kina karɓa da hannu biyu, kina godiya kamar baƙuwa. Godiyar nan ta fi zagi yi mini ciwo. Sau ɗaya na fara gaya wa babanki zancen, ya saurara har rabi, ya ce, "Ba ni za ki hwaɗa ma ba." Ya sa hularsa ya fita.

Kunya ado ce, haka aka raine mu, ban kuma ce ki yar da ita ba. Amma akwai wadda girman kai ne kawai ya ari mayafinta. Ga yadda za ki gane ta: in shirun ke yake karewa, wani kuma yake ci, to ba kunya ba ce. In kin gano kin yi wa mutum ba daidai ba, ki faɗa masa kafin rana ta faɗi. Duk kwanan da aka ƙara, bakin ƙara nauyi yake. Ga ni nan, na san gobe har ki shiga mota ba zan iya buɗe nawa ba, sai dai in ce Allah ya kiyaye hanya in juya.

Yau da safe na je gidan mutanen da muka yi wa garar. Na sami gwaggon amarya cikin mata, na ce kowa ya ji, girebar da ta baje bara awona ne ya ɓata ta, ba hannun ɗiyata ba. Ta ce, "Hajiya, kin daɗe da abin ga a ciki." Na ce na daɗe. Kin ga halin uwarki, ya fi mini sauƙi in tsaya gaban matan gari da in dubi idonki. Na kuma sa a nemo mini matar nan ta Lafani, in tana raye, akwai takarda irin wannan da zan ba ta.

Yanzu ga abin da kika roƙe ni tun ranar da kika dawo daga Sakkwato. Jiya wuni na yi a madafi da sikelinki, kowane abu sau uku na ɗora shi. Kwaɓi ɗaya: almon giram ɗari huɗu da ashirin, fulawa tankaɗaɗɗiya ɗari uku da saba'in da biyar, niƙaƙƙen sukari ɗari biyu da arba'in, narkakken man shanu ɗari uku da ashirin. In ƙwaya kika samu kuma ba sikeli a kusa, kofi uku ne. In yankakke ne, kofi huɗu da rabi da ɗan ɗori, a zuba shi sakakke, kada a danna. Rabin kofi na yankakken giram arba'in da biyar ne. Wanda aka riga aka niƙa shi ma nauyinsa daban, kada ki yarda da ido, ki ɗora shi. Kuma kofin can ba lalle ya zama irin nawa ba. Duk takardar girkin da ta ce miki kofi kaza, ki fara tambaya kofin wa, me kuma ke ciki, ƙwaya ko yanka, sannan ki auna sau ɗaya ki rubuta a bangon littafinki. Giram ɗari huɗu da ashirin kuwa, a Illela da Ƙonni da Kaduna duk ɗaya ne.

Sauran abin da sikeli ba zai gaya miki ba, ga shi. Ki ɗan gasa yankakken sama-sama kafin daka, ki tsaya a kansa don ya fi ƙwaya saurin ƙonewa, ki bari ya huce sarai. Ki daka shi da cokali biyu daga cikin sukarin, kada ya yi mai a turmi. Man shanun ya huce kafin ya taɓa fulawa. Da zarar kwaɓin ya daina kama yatsa ki daina murzawa. Wuta kaɗan-kaɗan, ki sauke tun samanta yana fari, gindin kawai ya yi ja. Wannan na ƙarshen ma ban san me ya sa nake gaya miki ba. Ranar nan, da kwaɓin da ya lalace tun daga awo, cikin tire goma sha ɗaya babu guda ɗaya da kika ƙona. Bayan matan sun tafi na juya gindinsu ina dubawa, ina neman abin da zan kama ki da shi, ban samu ba. Tun a ranar na gani, ban faɗa ba.

A gefen sikelin za ki ga ƙullin leda. Yankakken almon ne, giram ɗari huɗu da ashirin, ni na auna. Ki sake ɗorawa ki gani ko na tauye. Kofin silbar na bar shi nan, ya yi aikinsa, ruwa zan riƙa sha da shi.

Ranar Asabar in matar ta tambaye ki, ban ce ki shiga ciki don ni ba. In kanta ce ranki ya fi kwanciya da ita, Allah ya sa albarka. Amma kada ki tsaya a can saboda maganar da na yi gaban mata uku don in tsira da sunana. Ki ce ta ba ki obin da awa biyu. Ki ɗora sikelinki a gabanta, ki yi bismilla.

Ki yafe mini. Ga shi na rubuta, ban kuma mutu ba. In kin yafe, ki ƙulla guda biyu daga gashin farko ki ba direban motar Illela, ba sai kin ce komai ba, zan gane. In ba ki yafe ba tukuna, ba zan ga laifinki ba, amma ki shiga ki kwaɓa duk da haka.

Allah ya tsare ki a baƙon gari, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da uwar ɗaki mai irin bakina. Allah ya sa albarka a abin da za ki taɓa, ya kiyaye shigarki da fitarki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki yi wa Kawunki biyayya.

Shekara ashirin da uku ina ce miki "ke", ina ce miki "yarinya", kamar yadda aka koya mini. Yau a takarda ba mai jina sai ke.

Kina da hannu, Saudatu. Kin fi ni.

Wassalam.

Innarki,
Illela.